Kwamfutar Cinya a Gaban Zumuntar Mata

Akwai wani mutum manomin citta a wani ƙauye na gindin dutse, sunansa Habila. Mai tsoron Allah ne, ba ya fashin sujada, ba ya cin haƙƙin kowa. Aibinsa ɗaya ne, in ma za a kira shi aibi, gama mu da Allah ya yi wa kyan tsari mun san irin surutun da muke sha a banza: yana son a gan shi. In zai shiga majami'a, sai ya bari an fara waƙar farko, domin kowa ya waiwayo ya ga yadda gugar babbar rigarsa ta kwanta.

Matarsa Afiniki ita ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata ta ikilisiyarsu. Ita ke gaba, ta bayar, sauran mata su amsa. Tun tana amarya take wannan aiki, har furfura ta cika mata kai. Yanzu idonta ya yi rauni, baitoci kuma sun fara kuɓuce mata in ta ga taro. Sai ta ce wa matan, "Bana ce ta ƙarshe. In mun dawo daga taron gunduma, zan miƙa wa wata."

To, ga al'adar wannan taro. Kowace shekara matan ikilisiyoyin gunduma sukan hallara a babban fili. Matan kowane ƙauye, cikin ankonsu, sukan taso daga bakin fili suna waƙa, suna takawa a hankali da kiɗan tulu da caki, har su iso gaban rumfar manyan baƙi. Mai ba da waƙa na gaba da makirfo a hannu. Ba ta zama, ba ta tsayawa wuri ɗaya. Maza kuwa aikinsu su zauna a inuwa su tafa.

Domin wannan fita ta ƙarshe, Afiniki ta shirya waƙa mai tsawo. Waƙar godiya ce saboda matan da suka ɗauko dutse da ruwa a kansu sa'ad da ake ginin majami'ar ƙauyen. Kowace mace da baitinta. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, har da Laraba, mahaifiyar Habila. 'Ya'yansu da jikokinsu sun ji labari, wasu ma sun ce za su taso daga birni domin su ji an ambaci uwarsu a gaban gunduma. Abin da Afiniki ke tsoro ke nan: kada ta tsaya a tsakiyar fili ta manta da uwar wani, yana zaune yana jira.

A taron bara ta ga wata mai ba da waƙa riƙe da kwamfutar hannu, irin shafaffiyar nan mai kama da ƙaramin faranti, wadda ake taɓawa da yatsa. Makirfo a dama, ita a hagu, haruffa manya-manya, tana turawa da babban yatsa tana rawarta. Afiniki ta faɗa wa 'yarsu Murna da ke aiki a birni, Murna kuwa ta aiko da kuɗi. Da yake Habila zai kai citta kasuwar birni, aka damƙa masa saƙon.

"Baban Murna," in ji Afiniki, "ta hannu nake so, irin wadda..."

"Na gane, na gane," ya ce, yana gyara hula a madubi. "Ni za a koya wa sayen kaya?"

Ya sayar da cittarsa, ya nufi shagon masu kwamfuta. Mai shagon ya ɗauko ta hannu ya ajiye a kan tebur. Habila ya ɗaga ta, ya juya bayanta, ya taɓe baki. Ana cikin haka idonsa ya faɗa kan wata a can gefe, kwamfutar cinya, siririya, launin azurfa, mai murfin da ake buɗewa kamar littafi. Nan take ya ga kansa yana shiga majami'a da ita a hammata, an fara waƙar farko, kowa ya waiwayo.

"Waccan fa?"

Mai shagon ya kawo ta. "Baba, bari in faɗa maka gaskiyar kaya, kada gobe ka zo kana zagina. Wannan siririyar ba ta kai manyan tsada ba, don an rage mata wasu abubuwa ne. Allonta ba shi da haske sosai, ɗaki take so. Batirinta ba ya wuni. Ƙwaƙwalwarta ƙarama ce, kuma a liƙe take, ba a ƙara mata. Amma in rubutu ne, ga madannai nan, sai ka gaji. Ita kuwa ta hannun nan, rubutu mai yawa a kanta wahala ne. Amma karatu, ko a tsaye ko a tafe, caji ɗaya ya kai ka dare, kuma cajar waya ma tana yi mata. Wa zai yi aiki da ita? A zaune ko a tsaye?"

Wannan tambaya ta ɓata wa Habila rai. A ganinsa, tsayuwa ta masu jiran layi ce.

"Ka dube ni da kyau," ya ce. "Na yi maka kama da mutumin da zai kai gidansa abin da ba shi da murfi? Ko tukunya tana da murfi."

Kuɗin Murna ya isa ta hannu har da jakarta. Ta cinya kuwa sai an yi ciko. Da Habila ya ji ta fi tsada, sai hankalinsa ya ƙara kwanciya, gama a wurinsa abin da ya fi tsada ya fi gaskiya. Mai shagon ya ga inda iska ta kaɗa, shi ma kuwa yana da iyalin da zai ciyar, sai ya canza murya. "Ai Baba, da ma irinku ake yi wa wannan." Habila ya cika daga kuɗin citta, ya rungumo kwali. A mota ma bai yarda an sa shi a but ba, a cinyarsa ya zo da shi har gida, yana juya hoton da ke jikin kwalin wajen fasinjoji.

Afiniki ta wanke hannu kafin ta buɗe. Da ta ga abin da ke ciki, ta shafa murfin da tafin hannu. Sa'an nan ta ce, "An gode. Allah ya ƙara buɗi." Aka kunna. Ta sa yatsu biyu a kan allo ta buɗa su, kamar yadda ta ga waccan matar ta yi, domin haruffa su girma. Babu abin da ya motsa.

"Ba ta jin taɓi?"

"Ba a taɓa ta, danna ta ake yi. Ta manya ce."

"To, Baban Murna, a ina zan riƙe ta?"

"Ai ba ta da nauyi. Ɗaga ki ji. Kamar faifai."

Ta ɗaga da hannun hagu, ta riƙe muciya a dama a matsayin makirfo, ta yi taku ɗaya. Murfin ya rinjaya baya, da Habila bai yi tsalle ya tare ba da ta sha ƙasa. Daidai nan Barnaba ya yi sallama. Barnaba taubashin Habila ne, tun suna yara ba sa raga wa juna, kuma duk abin da ya gani da rana, kafin yamma an ji shi a bakin kasuwa.

"Bawana, me ka sayo mana? Murfin akwati?"

"Kwamfuta ce, ɗan ƙauye. Ka matsa kada ka yi mata numfashi."

Barnaba ya zagaya Afiniki yana nazari kamar mai sayen saniya. "Na samo dabara. A yi mata gammo a ɗora mata a ka. Sai shaho ya riƙa karanto mata daga sama."

Bayan ya tafi yana dariya, Afiniki ta rage murya. "Ka mayar, Baban Murna. Ko da asara ce. Akwai sauran lokaci."

Akwai sauran lokaci kuwa. Habila ya san haka, kuma a can ƙasan zuciyarsa ya san ta fi shi gaskiya. Amma ya tuna in ya sake ɗaukar kwalin nan ya nufi tasha, dole ya bi ta ƙofar gidan Barnaba. Sai ya ce, "Abin da na saya ba ya komawa." Ran Lahadi bayan an tashi sujada, da ya ga mutane sun taru suna leƙen kwamfutar, Barnaba kuma ya buɗe baki zai fara, sai ya riga shi da babbar murya: "Maganar riƙo ba matsala ba ce. Ni da kaina zan riƙe mata a gaban gunduma." Matan suka dubi juna. Wata ta yi guɗa, amma ba irin guɗar da ake so ba. Habila dai ya ɗauka yabo ne.

Sai aikin rubuta waƙar ya tashi. A nan fa, a yi wa kwamfutar adalci, madannanta sun yi rana. Kullum da la'asar sukan zauna a gindin mangwaro, Afiniki tana faɗa, Habila yana dannawa da yatsa ɗaya, yana neman kowane harafi kamar mai neman allura a tabarma. Sai dai abin da mai shago ya faɗa bai faɗi ƙasa ba. In an buɗe mata abu biyu sai ta sandare, ta bar su suna kallon juna. Ƙauyen ba wutar kirki, ƙaramar solar da Afiniki ke cajin waya da ita kuma ba ta iya ɗaukar ta, sai an kai ta shagon mai janareta. Sau da yawa ana tsakiyar baiti batir ya ƙare kafin Habila ya tuna ya adana, washegari a tarar komai ya tafi, a sake daga fari.

"Saratu ta fasa dutse da hannunta," in ji Afiniki.

"Jiya ma ta fasa. Shekaranjiya ma ta fasa. Dutsen nan bai ƙare ba?"

"Rubuta dai. Tabita ta sayar da akuyarta ta sayo kwano."

"Waƙar nan ta yi tsawo, Maman Murna. Laifin waƙar ne, ba na kwamfuta ba. A rage mata mutum uku."

"Wa za a rage? Faɗi sunanta, in je in gaya wa 'ya'yanta."

Bai faɗa ba. Ya ci gaba da dannawa yana gunaguni. Har baitin mahaifiyarsa ya rubuta ya sake rubutawa, bai ji komai ba sai haushin tsawon layin, domin hankalinsa yana kan madannai. A haka, ba da saninsa ba, waƙar ta shige masa kai, har yakan tsinci kansa yana rera ta a gonar citta, sai ya yi sauri ya waiwaya ko wani ya ji.

Ranar taro ta zo. Da sassafe aka cika batir fal. Afiniki ta ce, "Ka bar ta a rufe sai an kira mu." Ya ce ya ji. Amma da ya zauna a rumfa cikin dattawan wasu ƙauyuka, ya ga babu mai kallonsa, sai ya buɗe murfin kaɗan, wai yana duba ko lafiya. Wani dattijo ya leƙo. Wani ya ce, "Kai, siririya!" Shi ke nan. Habila ya buɗe ta gaba ɗaya, ya nuna musu yadda take kunnuwa, ya nuna musu hoton teku da ke allon, ya kunna musu wani kiɗa da ya zo a cikinta. Ƙauyuka suna ta shiga suna fita, ita kuwa tana ta ci a cinyarsa. Sai da rana ta take tsaka aka kira sunan ƙauyensu.

Sai a bakin fili Habila ya gane wani abu da bai taɓa lissafawa ba. In Afiniki za ta ga rubutu, dole allon ya fuskance ta. In allon zai fuskance ta, ita kuma tana tafiya gaba, dole shi ya yi ta tafiya da baya, ya juya wa manyan baƙi ƙeya, tun daga bakin fili har rumfa. Ya dubi tsawon filin. Ya dubi matan da suka jeru cikin anko, shi kaɗai namiji a gabansu, da babbar riga, da kwamfuta a tafin hannu biyu kamar mai tallar ƙosai. Ya so ya ce wani abu, amma tulu ya riga ya ɗauka.

Afiniki ta ɗaga makirfo, muryarta ta cika fili:

"Saratu ta fasa dutse da hannunta,
Ya Uba, ka tuna da ita."

Matan suka amsa: "Ka tuna, ka tuna, ya Uba."

Suka taka, Habila ya ja da baya. Daga wani gefe aka ji wata ta yi kuka mai haɗe da guɗa, 'yar Saratu ce. Baiti na biyu ya wuce lafiya, na uku ma haka. Amma rana tana dukan allon, Afiniki tana ƙanƙance ido. Tsakanin baiti da amshi ta kawar da makirfo ta ce, "Ƙara haske, ba na gani." Ya lalubi madannin ya ƙara har ƙarshe. Hannuwansa suka fara sanyi, gama abin da ba shi da nauyi a shago yana da nauyi a tsakiyar fili. Ya taka gefen rigarsa, ya yi tangaɗi, hularsa ta karkace, ba hannun gyarawa. Daga rumfar maza muryar Barnaba ta taso sarai: "A hankali, bawana, akwai rami a bayanka!" Babu rami. Habila dai ya daka tsalle.

Duk da haka ya daure, ya maƙala murmushi a fuska, yana cewa a ransa ai ko ba komai an ga kwamfutar. Bai san cewa allon ya riga ya mutu ba. Ta yaya zai sani? Bayanta yake gani, launin azurfa, tana ƙyalli kamar lafiya lau. Ya ci gaba da ja da baya yana murmushi, yana ɗaga wa matarsa baƙin allo a gaban gunduma duka.

Abin da ya fara lura da shi, Afiniki ta maimaita baitin Tabita. Matan suka amsa. Ta sake maimaitawa. Suka amsa, amma a sanyaye. Sa'an nan ta buɗe baki, babu abin da ya fito. Mai tulu ta yi ta bugu ita kaɗai, har ita ma ta sassauta, ta tsaya. Fili ya yi tsit.

Habila ya sunkuyo ta saman murfin ya leƙa. Bai ga rubutu ba. Fuskarsa ya gani a cikin baƙin gilashi, da karkatacciyar hula, da sauran murmushin da bai gama gogewa ba. Ya danna nan, ya danna can. Ya tuna da hoton teku, ya tuna da kiɗan da ya kunna wa dattawa. Maganganu suka taso masa har maƙogwaro: laifin mai shago ne, laifin rana ne, laifin mai janareta ne. Zai iya ɗaga kwamfutar sama ya girgiza kai, kowa ya ga na'ura ce ta ci amana, ya sulale ya koma inuwa.

Sai ya dubi matarsa. Da ta harare shi, da ya samu abin kamawa. Ba ta harare shi ba. Kanta a ƙasa yake, leɓɓanta suna motsi suna neman suna. Ita ce take jin kunya, kamar ita ta yi laifin. A bayan igiyar fili kuma mutane suna tsaye, waɗanda suka biya kuɗin mota daga birni, kowa yana jiran sunan uwarsa.

Habila ya matso kusa da ita, ya yi raɗa: "Hannatu ta dafa wa magina kunu."

Ya manta da makirfo. Raɗar ta fita ta manyan lasifikoki, muryar ƙato, ta zagaye fili har ta dawo. Dariya ta ɓarke. Yara suka faɗi ƙasa, dattawa suka rufe baki da hannun riga, Barnaba kuwa har sai da aka riƙe shi. Habila ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma Afiniki ta ɗago kai, ta cafe layin, ta rera shi. Tulu ya dawo. Matan suka amsa.

Da amshi ya ƙare, ta sake dubansa. Sai ya gane ba layi ɗaya ba ne, duk sauran waƙar ce.

Ya rufe kwamfutar, ya cusa ta a hammata, daidai inda ya yi mafarkin ɗaukarta. Ya ci gaba da tafiya da baya. Ya faɗi layi, lasifika ta kwashe ta watsa, ta rera, mata su amsa. Kowane layi da dariyarsa. Zufa ta jiƙa gugar rigar sharkaf. Ya faɗi Rahila, ya faɗi Ladi mai gwiwa ɗaya, ya faɗi Damaris da ta zo da jakinta. Sai ya iso baitin da ya fi kowanne ba shi haushi a gindin mangwaro.

"Laraba ta ɗebo ruwa a rafi," ya ce, "da zazzaɓi a jiki, da goyo a baya."

A nan muryarsa ta karye. Sau nawa ya danna waɗannan kalmomi, bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa wane ne goyon ba. Tsofaffin ƙauyensu da ke rumfa sun san shi ne. Dariya ta janye kamar an ɗauke ta da hannu. Afiniki ta rera baitin a hankali, tana duban mijinta, matan suka amsa, wannan karon har da rumfar maza: "Ka tuna, ka tuna, ya Uba."

Saura baiti na ƙarshe, wanda Afiniki ta yi wa kanta. Habila ya yi fata ko wannan ta tuna da shi. Ta jira shi. Allah ne kaɗai ya san ko mantawa ta yi. A gaban manyan baƙi, da gemunsa da komai, ya buɗe baki ya ce, "Ni ƙaramar baiwarka ce, ban kawo komai ba sai murya." Babu uwar da aka tsallake a ranar.

Da aka tashi, mutane suka yi ta rungumar Afiniki. Shi kuwa ya laɓe a bayan motar ƙauyensu. Can Barnaba ya same shi, da matan zumunta a bayansa, sun ninke ɗankwalin anko sun ɗora a faranti. "Uwar Zumunta," in ji Barnaba, "ga naki. An ce gwajin waƙa ran Alhamis ne, kada ki makara." Habila ya karɓa da hannu biyu.

A gida, bayan sun huta, ya zauna nesa da ita kaɗan yana murza hularsa.

"Maman Murna."

"Na'am."

"Ran nan da zan tafi birni, kin fara faɗa mini irin wadda kike so. Wace iri ce?"

Ta dube shi ta daɗe. "Yanzu ka tambaya?"

Daga baya ya sayar da ta cinyar, da asara, ga magatakardan ikilisiya, mutumin da aikinsa na zama ne a gaban tebur, kuma har yau yana sa mata albarka. Ya sayo ta hannu ya kawo. Afiniki ta buɗa yatsu biyu, haruffa suka girma, ta yi murmushi. Da ita take karanta Maganar Allah yanzu. Amma ta riga ta miƙa waƙa ga wata, kamar yadda ta alkawarta. Ba ta taɓa shiga fili da ita ba.

To, ga ma'anar misalin, kuma masu cewa ya yi tsawo su je su nemo wanda ya fi shi daɗi a gundumar nan, muna jira.

Kwamfutocin nan biyu babu mai zunubi a cikinsu. Kowace an rage mata wani abu domin a ba ta wani, ɗaya ta mai zama ce, ɗaya ta mai tsayuwa. Haka baye-bayen da Allah ya rarraba mana suke, babu wanda aka haɗa wa duka. Habila kuma bai yi rowa ba, kada a ɗora wa bawan Allah abin da bai yi ba, har ciko ya yi daga aljihunsa. Zunubinsa shi ne, ya yi kyauta yana kallon madubi. Matarsa ta buɗe baki ya katse ta. Mai shago ya yi masa tambaya ɗaya tak, a zaune ko a tsaye, ya ɗauke ta zagi. Aka ba shi dama ya mayar, ya fi tsoron dariyar mutum ɗaya a bakin hanya, sai ya sha ta gunduma guda.

Mu nawa ne muke haka? Mukan kai wa mara lafiya abincin da mu muke so. Mukan zaɓar wa 'ya'yanmu karatun da zai yi daɗin faɗi a bakinmu. Mukan yi wa ikilisiya baikon da za a iya rubuta sunanmu a jikinsa, alhali rufin ɗakin yara yana yoyo. Sa'an nan in ba a gode mana yadda muke so ba, mu kumbura, mu ce mutane ba su da kirki. Bayan kwamfutarmu muke gani yana ƙyalli, wanda muka ce muna taimako kuwa baƙin allo yake kallo, kuma don kunya da girmamawa ba zai faɗa ba.

Amma ku lura da alherin Ubangiji. Wahalar da girman kan Habila ya jawo masa a gindin mangwaro, ita ce ta dasa waƙar a kansa. Allah bai ɗauke masa kunyar ba, ta cikinta ya bi da shi, da baya da baya, har rumfa. Mutumin ya fara amfani ne sa'ad da ya rufe abin da yake taƙama da shi.

Saboda haka, kafin ka ɗauki kwali ka nufi gidan ɗan'uwanka, tsaya ka tambaye shi abin da yake bukata, ka kuma bar shi ya kai ƙarshen maganarsa. Tambayar da Habila ya yi daga baya ba ta fi numfashi ɗaya ba. Da ya yi ta a gaban madubi, da yau ba a ajiye masa kujera ran Alhamis.